Mutumin da Ke Cikin Babi na Uku

Minnesota, 14 ga Satumba

Gwaggo Verna,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya gwiwar, ta bar ki kina hawa matakalar coci? Ki gaida ɗanki Clay da matarsa Loretta, da matan rumfar ɓarar ƙaguwa gaba ɗaya. Ni lafiya lau, in ban da mura da ta riƙe ni mako guda. Na san rabona da rubuto miki tun watan Yuni, ki yafe ni. Tun da Baba ya rasu ke kaɗai kika rage min a Tsibirin Kessick, ko da yake sai an zauna an yi lissafi kafin a gano inda kakanki da nasa suka haɗu.

Farfesa Okerlund, wadda ke duba aikina na digirin dakta, ta dawo min da babi na uku ranar Talata. Shafi arba'in da biyu, babu wanda jan fensirinta ya ƙyale. Tsarinta ke nan: duk Talata da ƙarfe goma na safe in tsaya a gabanta in karanta abin da na rubuta da ƙarfi, ita kuwa ta rufe ido. Duk inda ta gundura sai ta ɗaga yatsa. A shafin farko kaɗai sau bakwai ta ɗaga.

"Tsaya," ta ce. "'Wasu masunta na ganin cewa akan ɗauki mataki.' Su wa? Wane mataki? Marnie, shekara nawa kika yi a tsibirin nan?"

"Goma sha takwas, Farfesa."

"To me ya sa kike rubutu kamar wadda ta hango shi ta tagar jirgin sama? Tsoro kike ji, shi ya sa kike laɓewa a bayan manyan kalmomi. Ban ga mutum ko ɗaya a shafukan nan ba. Ki nuna min mutum."

Na fita na shiga banɗaki na yi kukana, na wanke fuska, sannan na yarda gaskiya ta faɗa.

Babin a kan yadda masuntanmu ke raba ruwa ne ba tare da takarda ba, da abin da ake yi wa wanda ya zuba tarkonsa a wurin wani. Ƙashin bayansa kuwa labarin Harmon Tyler ne. Kin tuna ranar da kika kai ni kicin ɗinsa bazarar waccan, kina zaune kina ɓare masa wake, ya ce in kunna rikoda, ya faɗa da bakinsa cewa shi ya yanke igiyoyin tarkon Coley Laird shekara goma sha biyu da suka wuce? Na yi masa alkawari babu wanda zai san shi ne. Na sa masa suna Amos, tsibirin ma na canza masa suna, kamar yadda dokar jami'a ta ce. Yanzu abin da ya rage shi ne in koyi rubuta shi yadda matar nan za ta ajiye yatsanta.

'Yarki,
Marnie

Tsibirin Kessick, 2 ga Oktoba

Marnie 'yata,

Muna lafiya, mun gode Allah. Gwiwa tana nan da halinta, kunne kuma ya ƙara toshewa, har mai wa'azi ya koma min kamar kifi a kwalba, baki na motsi babu sauti. Ki sha zuma da lemo don murar nan.

Wasiƙarki ta iso ranar Alhamis, ta shiga murhu ranar Alhamis. Wane irin karatu ne ya goge miki cewa matar ɗana 'yar Coley Laird ce, kuma ita ke karɓo wasiƙun gidan nan daga jirgi? Allah ya taimaka ranar tana fama da ciwon kai, ni na je. Daga yau ni zan riƙa tarar jirgi da kaina, da gwiwar da komai, ke kuma kada ki sake rubuta sunan nan. Kada kuma ki ce za ki bugo waya. Ba na ji, wayar tana kicin, Loretta ke ɗauka.

Kina ƙarama lokacin, bari in tuna miki abin da kike wasa da shi. Coley ya fita da safe ya tarar tarkonsa ɗari biyu da sha biyu suna ƙasan ruwa babu igiya ko ɗaya. Shekarar ta tafi, jirginsa ya bi ta, ciwon shanyewar jiki ya zo ya ƙarasa. A kan kujera ya mutu yana kallon ruwa. Aka ɗora wa Wendell Tull laifin, aka daina amsa gaisuwarsa har ya kwashe iyalinsa ya koma ƙetare, can ya mutu. Dwight, babban ɗan Coley, har gobe yakan faɗa a kanti cewa bai yarda Wendell ne ba, kuma shi ba ya gaggawa. In an san gaskiya, mutuminki ya gama zama a tsibirin nan, in ma abin ya tsaya nan. Ni na kai ki wurinsa, don haka alkawarin da kika yi masa har da wuyana a ciki.

Ita kuwa malamar taki, ban gan ta ba amma ta kwanta min a rai. Tun kina yarinya in aka tambaye ki wa ya cinye kek, sai kin fara daga tarihin fulawa. Gara da aka samu mai tsayar da ke.

Gwaggonki,
Verna

Minnesota, 9 ga Nuwamba

Gwaggo,

Ina gaisuwa, da fatan sanyin bai taɓa gwiwar ba. Nan ƙanƙara ta fara zuba tun makon jiya. Na ji faɗanki, na kuma karɓa. Ba za ki sake ganin sunan ba.

Albishirinki. Mako bakwai ina rubutawa tana ɗaga yatsa. Ta hana ni buɗe littafin kowa, ta ce in koma kan kaset ɗin da ɗan littafin da na riƙa rubutu a ciki ranar, in rubuta abin da idona ya gani kawai. Ta ce duk jimlar da za ta iya zama a kan kowane masunci a duniya, in soke ta. Na soke har na ji kamar naman jikina nake yanka. Ranar Talatar nan na tsaya na karanta mata wannan:

"Amos ya kashe injin tun daga nesa, ya bar ruwa ya kai shi. Hazo ya rufe gaɓa. Yana sanye da rigar ruwa mai ruwan ɗorawa ta matarsa, wadda bai daina sawa ba tun rasuwarta, ko da yake hannuwan rigar ba sa kai masa wuyan hannu. Da hagu yake kamo igiyar, da yatsu ukun da injin jan tarko ya bar masa, da dama yake yanka. Ya ce a igiya ta hamsin fushin ya tafi, amma ya kasa tsayawa, don hannunsa ya riga ya koyi aikin."

Gwaggo, yatsan bai tashi ba. Na kai ƙarshen shafi na goma sha ɗaya kafin ta buɗe ido.

"Ina kika ɓoye wannan shekara huɗu?" ta ce. "Zauna. Kin karya, ko kin sake zuwa min da ciki wayam?" Ta turo min rabin burodinta. Sai ta ce, "Sunansa ne na gaskiya?"

"A'a, na canza."

"Tsibirin fa?"

"Shi ma."

"To shi ke nan. Kuma ki daina ce min Farfesa, sunana Ingrid."

Bakina ya ƙi faɗa har yanzu. Ta ce akwai wata mujallar masana da ke shirya fitowa ta musamman a kan masunta, wani ya janye nasa, gurbi ya samu. Tana so in gyara babin in aika kafin Kirsimeti. In sun karɓa, sunana zai fito a buge karon farko a rayuwata. Na daɗe ban yi farin ciki irin wannan ba. Ki gaya min yadda kika ji shi.

Marnie

Tsibirin Kessick, 6 ga Disamba

Marnie,

Loretta ce ke rubuta wannan, Inna Verna na faɗa. Ta zame a bakin tashar jirgi ranar da ta je karɓo wasiƙarki, ta karye a wuyan hannun dama. An ɗaure, likita ya ce mako shida. Ga saƙonta:

Ina samun sauƙi, kada ki damu. Na karanta takardar makarantar da kika aiko. Ko makaho aka karanta wa a tsibirin nan, tun layi na biyu zai san inda aka dosa. Ki zauna ki yi tunani a kan wannan da kyau. Kada ki yi gaggawar aika komai ko'ina sai kin ji daga hannuna.

Shi ke nan abin da ta ce in rubuta. Ni kuma ina gaishe ki. Na ce ta ba ni in karanta, ta ce ta manta inda ta ajiye, kin san tsufa. In ya fito ki aiko mana, mu ma mu ga abin da kike ta rubutawa a kanmu.

Loretta

Minnesota, 12 ga Janairu

Gwaggo,

Sannu, sannu. Allah ya ƙara sauƙi. Raina ya ɓaci da na ji saboda wasiƙata kika faɗi. Loretta, in ke ke karantawa, na gode da kula da ita.

Na karanta saƙonki sau uku. Da farko na ji daɗi, don na ɗauka cewa kike yi rubutun ya fito sarai, babu zagaye-zagayen da kike tsokanata da shi. Daga baya na ce ko wani abu ne ya dame ki. In haka ne, ki kwantar da hankalinki. Ke kina wurin lokacin da aka yi hirar, dole ki gane. Kuma irin mujallar nan, Gwaggo, ko masu rubutu a cikinta ba sa karanta na juna. Abokan karatuna na yi wa juna dariya cewa mutum biyar ke karanta mu, uku daga ciki don neman kuskure. Na bi duk ƙa'idar da aka shimfiɗa mana, babu wadda na tsallake.

Ranar rufe karɓa ita ce sha biyar ga Disamba, ba zan iya jiran mako shida ba, don haka na aika. Jiya suka amsa. Sun karɓa, gyara kaɗan suka nema, zai hau shafinsu na intanet a tsakiyar Fabrairu. Farfesa ta rungume ni a gaban sakatariya. An kuma tsayar da ranar da zan kare aikina a gaban kwamiti, ashirin da takwas ga Afrilu.

Ki ci abinci sosai, ƙashi ba ya haɗuwa da shayi kaɗai.

Marnie

Tsibirin Kessick, 21 ga Janairu

Marnie,

An kwance hannun jiya, wannan rubutun kaza da kike gani nawa ne. Ina lafiya. Bari in tafi kai tsaye, tunda kin nuna min cewa mai neman digiri na uku ba ta jin magana sai an buga mata ita a goshi.

Ba yabo na yi miki ba. 'Yar Coley na riƙe da biro, me kike so in ce? Mutum ɗari biyu da tamanin ne a tsibirin nan. Mutum ɗaya ne mai yatsu uku a hagu. Mutum ɗaya ne ke yawo da rigar ruwan matarsa Opal, yara har waƙa suke yi masa a kanta. Kin canza masa suna kin bar masa hannunsa da rigarsa, wa kika ɓoye? Kin canza sunan tsibiri, naki sunan fa da zai hau saman takardar? Masu sunan gidanku na Dize nawa ne a duniya da suka taso cikin masu kama ƙaguwa?

Ki janye shi. In da kunya, ki sha kunyar. Ki je wurin malamar taki ki nuna mata wannan takarda yadda take.

Ƙari, 10 ga Fabrairu. Ruwa ya daskare tun daren ranar da na rubuta wannan. Kwana ashirin jirgi bai motsa ba, jirgin sama mai saukar ungulu ne ya kawo mana madara da magani, bai karɓi wasiƙar kowa ba. Na je gidan mai wa'azi don in roƙe shi ya bugo miki, na tarar da Dwight a zaune yana gyara masa murhu, na sha kofi na dawo. Yau aka fasa hanya. Ban sani ba ko wannan za ta riske ki a kan lokaci, kuma tsoro nake ji.

Verna

Minnesota, 3 ga Maris

Gwaggo,

Na gode Allah da hannun ya warke. Ni ba ni da lafiyar da zan ba da labarinta, ba na iya cin abinci.

Wasiƙarki ta iso ranar sha bakwai. Rubutun ya hau ranar sha huɗu. Ban jira Talata ba, na tafi ofishinta da takardarki a hannu na ajiye mata a kan tebur. Ta karanta, ta sake karantawa, ta cire tabarau.

"Ɗari biyu da tamanin," ta ce. "Na ɗauka gari ne. Ban taɓa tambayarki ba, ko?"

"Ba ki tambaya ba. Ni ma ban faɗa ba."

"Wata biyar ina koya miki yadda ake sa a ga mutum, ban ba ki ko Talata ɗaya a kan yadda ake ɓoye shi ba. Na tambayi suna na tsaya nan, don rubutun ya yi min daɗi ba na son abin da zai taɓa shi. Shekara talatin ina aikin nan, Marnie. Ɗauko kujera. Takardar amsa laifin da za mu kai wa jami'a, sunana ne zai fara hawa."

A gabana ta buga wa editan mujallar waya, amma sai da suka yi nasu zaman, kwana tara rubutun ya yi a sama kafin su sauke. Sun ce mutum sittin da huɗu suka kwafe shi, ba su san ko su wa ba. Kullum ina lissafa mutanen nan, ina ba su fuskoki, ina addu'a duk baƙi ne.

Mun sake babin daga tushe. Ta nuna min abin da ya kamata in sani tun farko: a mayar da hannun ya zama ɗingishi, rigar ta zama hula, a matsar da shekarar, sannan a gaya wa mai karatu a fili cewa an sauya wasu abubuwa don kare mutane. Na karanta mata sabon ranar Talata, yatsanta bai tashi ba. Wannan ya fi komai ci min rai, Gwaggo. Ashe rubutun zai tsaya da ƙafarsa ko babu hannun. A banza na sayar da mutumin nan.

Sau biyu na danna lambar gidansa ina ajiyewa kafin ta shiga. Ba ni da bakin. Don Allah ki je ki gaya masa, ya ji daga wurinmu kafin ya ji daga wani wuri. Ki kuma gaya min ko kin ga wata alama.

Marnie

Tsibirin Kessick, 11 ga Afrilu

Marnie,

Muna nan da rai. Hannun yana riƙe wuƙar ɓara, ko da yake ba kamar da ba. Na yi shiru ne don babu abin faɗa, ina ta fatan ya ci gaba da zama haka.

Na je na gaya masa tun farkon Maris. Yana ɗinkin tarko a bayan gida, bai ɗago ba. Ya ce, "An sauke, ko? To a bar shi a sauke." Maris ya wuce lafiya, har na fara barci.

Ɗaya daga cikin sittin da huɗunki malamarki ce ta firamare. Ashe baiwar Allah takan nemi sunanki a kwamfutar makaranta lokaci-lokaci, don alfahari. Ta gan shi kwana uku da fitowa, ta buga kwafi goma, shafin farko kawai ta karanta ta ga manyan kalmomi, ta adana sai an buɗe rumfa kowa ya taru. Ranar Litinin ta shigo da kek mai hawa goma da takardun, ta ce 'yarmu ta fito a mujalla, a ajiye hira a saurara.

Mu goma sha huɗu ne a teburin, Loretta na gefena. Shafukan farko ana ta dariya, wata ta ce, "Wannan da Turancinmu aka rubuta kuwa?" Ni ba na jin abin da ake karantawa, bakin malamar nake kallo, ina neman dabarar da zan yi. Na yi tunanin in faɗi ƙasa in ce zuciyata ce. Ban yi ba, kuma zan mutu ina tambayar kaina dalili. Da idona na san an iso wurin, don wuƙaƙe sun tsaya ɗaya bayan ɗaya. Malamar ta kai tsakiyar layi ta tsaya.

Babu wadda ta ambaci suna. Loretta ta ajiye wuƙa, ta wanke hannu har gwiwar hannu, ta ninke rigar aikinta, sannan ta sunkuyo daidai kunnena mai ɗan ji.

"Takardar da kika manta inda kika ajiye ke nan, Inna?"

Ta ɗauki kwafi ɗaya ta fita, ta nufi gidan Dwight. Tun ranar ba ta kwana a gidan nan ba, Clay kuma yana cin abincinsa a tsaye ba ya kallona.

Dwight bai ce komai ba. Kwana huɗu ke nan, bai je gidan Harmon ba, bai ɗaga murya a kanti ba, ya je coci ya yi waƙa. Da ma ya yi ihu ya fasa wani abu, da na fi samun natsuwa.

Verna

Minnesota, 29 ga Afrilu

Gwaggo,

Ina fatan kina lafiya. Na rubuto sau biyu ban ji amsa ba, ko kin daina tarar jirgi ne?

Jiya na kare aikin. Sun fitar da ni, suka yi shawara, suka kira ni da sunan dakta. Kafin a fara, Farfesa ta tashi ta gaya wa kwamitin abin da ya faru da bakinta, ba ta rage komai ba. An yi ɗan biki da yamma, ban je ba, ita ma ba ta je ba. Muka zauna a ofishinta ta ce, "Duk abin da kika rubuta daga yau, ki fara karanta wa wanda ke cikinsa kafin ki karanta wa irina."

Ina so in zo in tsaya a gabansa. Ki gaya min ranar da ta dace. Me Dwight ya yi?

Marnie

Tsibirin Kessick, 9 ga Mayu

Marnie,

Ina lafiya. Wasiƙunki duka sun iso, ban sami hannun amsawa ba ne. Ina taya ki murna, da gaske nake, ubanki da ya yi kuka. Kada ki zo. Ba bana ba.

Kin tambayi abin da Dwight ya yi. Ranar ashirin ga Afrilu Harmon ya fita da asuba ya tarar babu alamar tarkonsa ko ɗaya a kan ruwa. Ya yi ta zagaye har rana ta ɗaga, ya ɗauka an yanke. Da ya dawo gida sai ya gan su. Duka ɗari uku, an ciro su, an wanke, an naɗe kowace igiya, an jera su a ƙofar gidansa hawa-hawa har sun rufe taga. Ko ɗaya bai ɓata ba. Mutum ɗaya ba zai iya wannan aikin ba, jirage shida aƙalla, kuma babu wanda ya ga komai. Washegari ya je sayen abincin tarko aka ce ya ƙare, alhali ganguna na cike a bayan mai kantin. Ranar Lahadi ya zauna a coci, bencin gabansa da na bayansa suka zama wayam.

Bayan kwana biyu ya zo nan da kwafi ɗaya, ya ce idonsa ba ya ganin ƙananan baƙaƙe, in karanta masa. Na karanta masa wurin.

"Haka aka yi," ya ce. "Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Yarinyar ta iya." Can kuma ya ce, "Wendell nake ta gani, Verna. Shekara goma sha biyu ina zaune a bencin da ya bari."

Na ce ko yana da saƙo gare ki. Ya ce a'a, ba don fushi ba, ya riga ya gaya miki duk abin da yake da shi.

Yanzu haka yana zaune a kicin ɗina da jaka biyu, muna jiran jirgin ƙarfe goma sha biyu. Ya bar wa coci jirginsa, zai koma wurin 'yarsa a ƙetare. Shekararsa saba'in da ɗaya, bai taɓa kwana uku a jere a wajen tsibirin nan ba. Ni kaɗai zan raka shi tasha, kuma na san abin da hakan zai jawo min a rumfa. Ya ga ina rubutu ya ce in ba shi wasiƙar ya jefa a akwati a can, hanyarsa ce. Don haka daga hannunsa za ta zo miki.

Ɗazu ya tambaye ni ko daga gidan 'yar tasa ana jin ƙarar ruwa, tunda na taɓa zuwa. Na ce masa ana ji. Mil talatin ne tsakanin gidan da gaɓa.

Gwaggonki,
Verna